Hannun Hagun Frau Remmele

"Yanzu na wanke matakalar nan, kai kuma ka taka," in ji Gundula Haug, ba ta ko ɗago kai ba.

Mutumin ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, furanni a hannu. Takalmin ta fara gani, baƙi mai sheƙi, sannan farin gashin da aka taje baya kamar za a je ɗaukar hoto. Tsumman ya suɓuce mata ya faɗa bokiti. Lothar Stierle ne, wanda ya yi shekara talatin yana jagorantar makaɗan gidan kiɗa na gari, ita kuma tana ƙarƙashinsa tana kula da takardun kiɗa har ta yi ritaya.

"Frau Haug! Ashe nan kike zaune? Har yanzu dai kina nan da tsabtarki."

"A gidan nan kowa da makonsa na shara, wannan makon na Frau Remmele ne. Tana kwance, ni nake yi mata."

"Wajenta na zo. An ce jikin ya yi tsanani."

"An ce. Shekara arba'in da huɗu ba wanda ya ce maka komai sai yau?"

Ya yi irin dariyar da yake yi wa 'yan jarida, ya tsallake bokitin ya wuce. Gundula ta bi sawun takalminsa da ido. Amma maɓallin ɗakin yana aljihunta, dole ta bi shi ta buɗe.

An dawo wa Ortrud Remmele, wadda kowa ke kira Frau Remmele, wato Malama Remmele, da gadonta falo, kusa da taga, tsakanin fiyano da tukwanen furenta. Shekarunta tamanin da takwas, ta rame har zoben hannunta yana juyawa, amma idanun suna nan yadda aka san su. Ita ce mace ta farko da ta taɓa hawa dandamali ta riƙe sandar jagorancin kiɗa a gaban makaɗan garin nan, lokacin da ko mace ɗaya babu a cikin masu kiɗan. Shekara uku ta yi a kan aikin. Tsofaffin da suka ji ta har gobe suna cewa ba a sake kiɗa irin nata ba.

"Lothar," ta ce. "Ka tsufa."

"Ke kuwa kina nan yadda kike, Frau Remmele."

"Ƙarya ma ta tsufa a bakinka. Gundula, ki sa furannin nan a ruwa, ba laifinsu ba ne."

Daga kicin Gundula tana jin komai, don ƙofar ba ta rufuwa sosai. Lothar ya ce gidan kiɗa na son karrama Frau Remmele. Za a yi kiɗa na musamman da sunanta, wata ranar Lahadi da hantsi, kuma an roƙe shi ya fito daga ritaya ya jagoranta. Ya ce ya zaɓi kiɗan nan da ta yi na ƙarshe, don a wanke abin da ya wuce.

"Ka bari in mutu tukuna mana. Gaggawar me kake yi?"

"Haba dai. Ni dai so nake ki sani, abin da ya faru ran nan zai iya faruwa ga kowa. Hannu ne. Wani lokaci yakan motsa mai shi bai sani ba."

Sannan Gundula ta ji muryar tsohuwar ta yi ƙasa, ba irin muryar da ta tarbe shi da ita ba.

"Hagun ne. Na sani. Ba sai ka tuna mini ba."

Gundula ta leƙo. Frau Remmele ta ja hannunta na hagu ta tura ƙarƙashin bargo, kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba. Shi kuwa Lothar yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da tausayi. Ruwan famfo ya cika tulun furanni ya zubo mata a hannu, ba ta ji ba.

Ga abin da ya faru a shekarar 1974. A cikin kiɗan nan akwai wani wuri da kowa yake tsayawa a yi tsit kafin a sake shiga. Sauran jagorori sukan ƙirga uku su sauke sanda. Frau Remmele tara take ƙirgawa, har sai mutanen zaure sun fara jin bugun zuciyarsu. Gundula ce da hannunta ta rubuta a takardar kowane makaɗi, shafi na sha ɗaya, da jan fensir: "Shiru, tara." A ranar kiɗan, zaure cike, magajin gari yana layin gaba, aka zo wurin. Sandarta tana sama ba ta sauko ba, sai masu goge su talatin suka shiga a kan uku. Masu busa suna jiran sanda, wasu suka bi, wasu suka tsaya, kiɗa ya watse kamar tire ya faɗi da kofuna. Dole ta tsayar, ta juyo ta ba jama'a haƙuri, aka sake daga farko.

Washegari a gaban kwamiti, Lothar, wanda a lokacin shi ne shugaban masu goge, ya ce hannunta na hagu ne ya motsa, su kuma suka ɗauka alamar shiga ta ba su. Maza talatin suka gyaɗa kai. Jaridu suka rubuta cewa hannun mace ba ya jure irin wannan nauyi. Kafin bazara ta ajiye aiki, Lothar ya hau dandamali. Ita kuwa ta koma koyarwa a falon nan, tana horar da mawaƙan coci da 'yan matan da suke zuwa daga nesa su koyi riƙe sanda. Huɗu daga cikinsu yanzu manyan jagorori ne a wasu ƙasashe. Kuma duk tsawon shekarun nan, in tana koyarwa, hannunta na hagu yana cikin aljihun rigar sanyi.

Abin da Frau Remmele ba ta sani ba, Gundula ta sani. Ita ce ta buɗe wa Lothar ɗakin takardu da tsakar ranar kiɗan, ya ce zai gyara wasu alamomi. Ita ce kuma ya kawo wa robar share fensir da safen washegari, ya ajiye a teburinta ya ce, "Takardun masu goge sun yi datti, Fräulein Haug. A share su tas kafin rana." Makaɗi ba ya rubutu da tawada a takardar kiɗa, sai fensir, kuma sharewa aikin mai kula da takardu ne. Tana da shekara ashirin da huɗu, wata shida da kama aiki, kuma ba a tabbatar da ita ba. Ta buɗe shafi na sha ɗaya ta ga abin da ya rubuta. Ba ta share ba, ba ta kuma faɗa ba. Ta zuba takardun a kwali ta kai gida, ta rubuta a rajista cewa ruwa ya lalata su.

Kuma ba dace ba ne ya sa ta kama ɗakin da ke kallon na Frau Remmele shekara talatin da suka wuce. Nema ta yi. Ta yi mata cefane, ta kai ta asibiti, ta shayar mata da furanni, ta ci kek ɗinta kowace Lahadi da yamma, kullum tana ce wa kanta mako mai zuwa za ta faɗa. Tsoro ne, ba wani suna gare shi ba.

Da Lothar ya tafi, ta sauka ɗakin ajiya na ƙasa. Kwalin yana bayan kwalaben jam, ƙura ta rufe shi. Ta ɗauko shi ta hau hawa uku, tana hutawa a kowane hawa.

"Mene ne wannan kuma? In dankali ne ba na ci," in ji Frau Remmele.

Gundula ta buɗe kwalin. Ta zaro takarda ta farko, ta buɗe shafin, ta miƙa mata tare da gilashin da take karanta jarida da shi. Jan fensirin yana nan: "Shiru, tara." A ƙarƙashinsa kuma, da baƙin fensir, rubutu mai kwanciya gefe: "Kada a jira ta. A bi ni a uku."

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. "Ba ni wata," ta ce. Gundula ta ba ta. "Wata." Haka suka bi takarda goma sha biyar, ɗaya ga kowane mutum biyu, rubutun iri ɗaya, hannu ɗaya. Da suka ƙare, Frau Remmele ta ajiye gilashin a kan bargo.

"Tun yaushe suke hannunki?"

"Tun washegari."

"Washegarin yaushe?"

"Washegarin kiɗan."

"Gundula Haug." Ta faɗi sunan a hankali, kamar tana karanta shi a jikin ƙofa. "Kek nawa kika ci a gidan nan?"

"Frau Remmele, na ji tsoro ne. Da farko aiki nake tsoro, daga baya kuma ke nake tsoro."

"Kina zaune a kujerar can kina kallona ina koya wa yara da hannu ɗaya. Kina kallo na ƙi amsa gayyatar da aka yi mini sau biyu, na ce ban yarda da hannuna ba. Kin ma taya ni rubuta wasiƙar!"

"Na taya ki."

"Kada ki yi mini kuka a kan bargo, jiya aka canza shi."

Gundula ta haɗiye kukan. Ta so a zage ta, a jefe ta da kofi, a ce ta fita kada ta dawo. Amma tsohuwar ba ita take kallo ba. Ta zaro hannun hagun daga ƙarƙashin bargo, ta ɗaga shi a hasken taga tana jujjuyawa, kamar baƙon da aka daɗe ba a gani ba.

"Ashe ba ka yi komai ba," ta ce masa.

Can ta juyo, idanun sun bushe, sun yi kaifi.

"Fasto ya zo shekaranjiya yana yi mini maganar yafiya, na ce to. Na janye. In ya dawo ki ba shi kofi ki sallame shi. Lothar yana son ya yi kiɗan nan da sunana, ko? A bar shi ya yi. Ki gaya musu wasiyyata ce a yi shi da takardun da na yi aiki da su. Ke za ki jera su da hannunki. In an tambaye ki wa ya ɓoye su, ki faɗi sunanki da ƙarfi."

"Zan faɗa." Gundula ta matso kusa da gadon. "Ni fa, Frau Remmele?"

"Ke me?"

"Ko za ki iya..."

"Je ki ƙarasa matakala. Na san kin bar ƙarƙashin taga, kullum sai kin bar shi."

Kwana tara ta ƙara a duniya. Gundula ta ci gaba da kawo mata romo, tana gyara mata matashi, ba wadda ta sake tayar da maganar. Ba a ce an yafe ba, ba a kuma karɓe maɓalli ba. Ranar Talata da rana, ma'aikaciyar jinya ta fita ke nan, Gundula tana yanka burodi a kicin, ta ji falon ya yi wani irin shiru. Ta shigo ta tarar da ita fuskarta wajen taga, hannun hagu a saman bargo, yatsun a buɗe.

A maƙabarta Lothar ya yi jawabi. Ya ce marigayiya ta buɗe wa mata ƙofa, ya ce shi ɗalibinta ne a zuci, har da ciro hankici. Da aka zo zuba ƙasa, ya zuba ƙaramin shebur uku a natse yana duban inda mai ɗaukar hoto yake. Gundula tana bayansa a layi. Ta tsaya ta kalli ƙeyarsa, ta ji zuciyarta ta yi sanyi ƙalau, irin sanyin wanda ya gama shawara.

"Herr Stierle, akwai wasiyya," ta ce masa a bakin ƙofar maƙabarta. "Ta ce a yi kiɗan da tsofaffin takardun da ta yi aiki da su. An samo su."

"Kai, madalla! Wannan ai sai a saka a takardar gayyata. Har da alamominta a ciki?"

"Duk abin da aka rubuta yana ciki."

Ko gezau bai yi ba. A ransa an share tun tuni, in ma yana tunawa. Ai bai taɓa ba ta umarni ta ƙi bi ba.

Ranar Asabar da safe aka yi gwaji. Gundula ta riga kowa zuwa, ta bi kujerun masu goge tana ajiye takarda ɗaya-ɗaya, sannan ta zauna a gefen dandamali inda kowa zai gan ta. Makaɗan yanzu yara ne a wurinta, kusan rabinsu mata. Da aka zo shafi na sha ɗaya ta ga kawuna suna sunkuyawa, wannan ya taɓo wannan da gwiwar hannu. Lothar ya ƙirga ukunsa ya sauke sanda, suka bi shi lafiya lau. Makaɗa mutane ne da suka iya ajiye magana a ciki.

Da aka tafi hutu, Frau Ruoff, shugabar masu goge ta yanzu, ta zo da takardarta a hannu. Tana yarinya ta yi shekara shida tana hawa matakalar gidansu zuwa darasi wajen Frau Remmele.

"Frau Haug, rubutun wa ne wannan?"

"Hotonsa yana rataye a zaure da sa hannunsa a ƙasa. Je ki gwada."

"Na gwada. Wannan ne kiɗan da aka ce ta ɓata?"

"Shi ne."

"Wa ya ajiye su duk shekarun nan?"

"Ni. Gundula Haug." Ta ɗaga murya har na bayan suka juyo. "Ni na ɓoye su, kuma ban gaya mata ba sai saura kwana tara ta mutu."

Frau Ruoff ta dube ta daga sama har ƙasa. Ba ta gode mata ba, ba ta kuma miƙa mata hannu ba. Ta juya ta koma cikin 'yan uwanta, suka yi da'ira suna magana ƙasa-ƙasa.

Lahadi ƙarfe sha ɗaya zaure ya cika. An ajiye babban hoton Frau Remmele a gefe, tana matashiya, sanda a hannu. Gundula ta sa baƙar rigarta, ta zauna a layi na uku. Al'ada ce in jagora ya shigo makaɗa su miƙe masa. Lothar ya fito cikin tafi, ya doshi dandamali, makaɗa sittin suna zaune kamar an dasa su. Ya miƙa wa Frau Ruoff hannu, ita kuwa tana duba igiyar gogenta. Ya mayar da abin murmushi, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga sanda.

Sun yi masa kiɗa mai kyau, wannan kam ba a hana shi ba. Har ya saki jiki, gashin yana tashi, yana lumshe ido. Gundula ba ta jin komai sai ƙarar shafuka. Tara. Goma. Sha ɗaya.

Kiɗa ya tsaya. Lothar ya ƙirga uku, ya sauke sanda da dukan ƙarfinsa.

Ba abin da ya fito. Sandar ta yanki iska ita kaɗai, har aka ji ƙarar hannun rigarsa. Ya sake ɗagawa ya sauke. Mutum sittin suna kallon takardunsu, ko ɗaya bai dube shi ba. Gundula tana ƙirgawa da yatsa a kan gwiwarta. Biyar. Shida. Wani ya yi tari a baya ya haɗiye. Ƙeyar Lothar ta yi ja, kansa ya sunkuya wajen takardar da ke gaban Frau Ruoff, wadda ta ɗan karkato masa ita don ya gani da kyau. Ya gani. Hannun ya sauko a hankali ya tsaya a gefensa. Takwas. Tara.

Frau Ruoff ta ja numfashi, ta ɗaga bakan gogenta, su sittin suka shiga tare kamar mutum ɗaya. Tsohon da ke kusa da Gundula ya kama hannun kujera ya ce, "Haka take yi. Wallahi haka take yi." Daga nan har ƙarshe Lothar yana tsaye yana kaɗa sanda, amma kowa a zauren ya ga ba shi ake bi ba. Da aka gama bai juyo ya rusuna ba. Ya bi ta tsakanin kujeru ya fita, sandar tana kan teburin jagora. Sai a lokacin makaɗan suka miƙe, suka juya wajen hoton.

Gundula ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Daɗin ya kai ta har tashar bas. A cikin bas ne ta tuna yau Lahadi, kuma ba kek da ƙarfe huɗu.

Allon makon shara yana nan rataye a ƙofar Frau Remmele. Tun makonni uku da suka wuce ya kamata a miƙa shi ga mutanen hawa na ƙasa, ba wanda ya yi magana. Gundula ta cire baƙar rigar, ta ɗauko bokiti, ko da yake a gidan nan ba a shara ranar Lahadi. Ta fara daga sama, ta durƙusa ta wanke ƙarƙashin taga sau biyu. Da ta gama ta zo gaban ƙofar ta kai hannu ga allon, sai ta tsaya. Rana ta shigo ta tagar ta kwanta a kan jiƙaƙƙen dutsen, yana bushewa daga gefe-gefe, ita kuma tana tsaye da hannu a sama, leɓunanta suna motsi, tana ƙirga tara.